Rediyon da Aka Bar wa Zaglul

Nargis ba ta iya zaɓen ranar mutuwa ba. Babu wanda ya furta haka a layin, amma kowa ya faɗa a ransa. Ta cika da asubahin Lahadi, ranar da Masar za ta kara da Kongo, wasan da in aka ci shi za a je gasar cin kofin duniya karon farko cikin shekara ashirin da takwas. Kafin hantsi tutoci sun rufe barandodin unguwar Khalifa, masu gidajen shayi suna ta jera kujeru har tsakiyar titi, masu zuwa gaisuwa kuwa suna shiga gidan da fuskar jimami, suna fita suna tambayar juna wa za a sa a gaba.

Usta Fikri mai guga, ƙanin mijinta, shi ne babba a gidan yanzu. Ɗanta Wa'il ya same shi a ƙofa ya ce an tsayar da jana'iza bayan la'asar, kuma za a kai ta inda mahaifinsa yake, a kabarin gidansu da ke maƙabartar Imam Shafi'i. Ya ce zai aika a gaya wa mai gadi ya buɗe tun da wuri don wurin ya sha iska.

"Kada ka aika kowa," in ji Fikri. "Ni zan je."

Wa'il ya ce rana ta yi zafi, ga ciwon gwiwarsa. Fikri bai saurare shi ba. Ya ɗauki tocila daga shago ya sa a aljihun jallabiyarsa, ya kama hanya. Tsoro ne ya tashe shi, ba ƙwazo ba. Kabarin nan ba a taɓa buɗe shi ba tun ranar da aka sa yayansa Zaglul a ciki, kuma akwai abin da Fikri ya bari a can ƙasa wanda ba ya son kowa ya riga shi gani.

Shi da Zaglul ba su taɓa shiri a kan ƙwallo ba. Zaglul ɗan Zamalek ne har ɓargo, Fikri ɗan Ahli, kuma duk wanda ya tashi a Alƙahira ya san abin da hakan ke nufi a gida ɗaya. Sun taɓa yin wata biyu ba sa ga maciji saboda fanareti guda. Uwarsu har raba musu kwanon wake take yi ranar da ƙungiyoyin biyu za su haɗu. Amma duk ranar da ƙungiyar ƙasa za ta buga, sai ka gan su a tabarma ɗaya, kai da kai, da ɗan rediyon Zaglul mai rigar fata a tsakaninsu, suna zagin alƙalin wasa da baki ɗaya. A ranakun nan kaɗai Fikri yake jin yana da wa.

A shekarar tamanin da tara, Zaglul ya yi layin wuni guda ya samo musu tikiti biyu na wasan da za a yi da Aljeriya, wanda shi ma na zuwa gasar duniya ne. Wasan ranar Juma'a. Ranar Alhamis da yamma zuciyarsa ta tsaya yana tsaye a cikin bas ɗin da yake kwandasta, yana da shekara talatin da huɗu, Wa'il ko yaye shi ba a yi ba. Aka binne shi bayan sallar Juma'a, ana ta sauri, don rabin masu rakiyar hankalinsu yana filin wasa.

Kabarin irin namu ne na birni: tsakar gida mai katanga, a ɗaga duwatsu a sauka matakala, ɗakin maza a dama, na mata a hagu. Mahaifinsu ne ya saya saboda 'ya'yansa, shi da uwarsu kuwa da lokacinsu ya yi ƙauye aka mai da su. Fikri na cikin waɗanda suka sauka da gawar. Aka kwantar da Zaglul a kan yashi, fuska ga alƙibla, aka kwance ƙullin likkafani, sauran suka hau. Fikri ya tsaya a baya. Rediyon yana aljihunsa, kuma in za a faɗi gaskiya, don kansa ya ɗauko shi, ya yi niyyar laɓewa bayan katanga ya ji yadda ake ciki. Sai ya dubi yayansa kwance, ya tuna tikitin nan biyu. Ya kunna rediyon, ya murɗa shi zuwa tashar wasanni, ya rage murya, ya jingina shi da bango, kamar kamu biyu daga kan mamacin. Ya hau, aka mai da duwatsu, aka zuba ƙasa.

Masar ta ci ɗaya da nema.

To, mu mutanen garin nan kowa da abin da ya riƙe. Wani ba ya canza rigar da aka ci wasa yana sanye da ita, wani ba ya tashi daga kujerarsa ko fitsari zai kashe shi, wani matarsa yake kora kicin don ta taɓa shigowa aka zura mana ƙwallo. Fikri nasa ya fi na kowa nauyi, kuma bai gaya wa kowa ba. Duk ranar da ƙungiyar ƙasa ke wasa sai ya rufe shago ya tafi maƙabarta ya zauna a dakalin tsakar gidan kabarin da nasa rediyon. 'Yan gidan shayin Ma'allim Subhi suka saba, har tsokanarsa suke yi: tashi ka tafi wurin yayanka, usta, kada ka jawo mana. Da aka ɗauki kofin Afirka sau uku a jere, a kafaɗa suka ɗauke shi suka zagaya layi. Shekarun da aka yi ta faɗuwa a hanyar gasar duniya kuwa, waɗannan bai taɓa sa su a lissafi ba, don mai camfi ranakun nasara kaɗai yake tunawa.

Abin da ya hana shi sakewa Nargis ce. Ba ta sake aure ba, ta zauna ta reni ɗanta da keken ɗinki. Shekara biyu da rasuwar ta fara ba shi labarin mafarkin da take yi, kuma kullum mafarkin ɗaya ne: Zaglul a kwance, idonsa biyu, jajaye kamar na wanda ya kwana uku a hanya, yana miƙa hannu wajen wani abu da ba ta gani. Ba ya magana. Ta yi sadakar burodi, ta sa makafin maƙabarta sun yi masa sauka, ta tambayi malamai ko akwai haƙƙin wani a kansa. Tana zuwa shagon Fikri ta tsaya a bakin teburin guga ta ce, kai da ka san shi fiye da kowa, me yake nema? Fikri sai ya fesa ruwa a rigar da ke gabansa ya ce mafarki ne kawai, ta yi ta addu'a. Ya san batir ba ya wuce kwana biyu. Ya faɗa wa kansa haka sau dubu. Amma kunya ta hana shi zuwa ya ce a buɗe kabari saboda ya bar wa mamaci rediyo a ciki, kuma can ƙasan kunyar akwai wani abu da ya fi ta muni: ba ya son a taɓa abin da ya kawo nasara. Haka ya bar matar nan ta tsufa da tambayarta, yau ga shi ta tafi da ita.

Ya isa maƙabartar ana kiran azahar. Ko a nan ma tutoci ne, don masu zama a tsakar gidajen kaburbura sun ja wayar wuta sun fito da talabijin. Am Garib mai gadi yana zaune a inuwar katanga da leburori biyu, suna cin ta'amiyya, ƙosan garin nan, a takarda. Shi ne ya rufe kabarin a wancan lokacin yana saurayi, yanzu haƙoransa huɗu suka rage. Ya yi wa Fikri ta'aziyya, ya sa leburorin suka kwashe ƙasa, suka ɗaga duwatsun ɗaya bayan ɗaya. Wata iska mai sanyi da warin tsohon yashi ta taso. Leburorin ba su jira an sallame su ba, suka ce za su je salla, suka fice.

Sai Fikri ya ji. Wata 'yar ƙara ce siririya take fitowa daga ramin, shuuu, ba ta hawa ba ta sauka, kamar mai a kasko a gidan maƙwabta. Ya yi shekaru yana zama a wannan dakalin bai taɓa jin ta ba, don kullum nasa rediyon yana manne da kunnensa. Ya dafa katanga.

Am Garib ya naɗe takardar ta'amiyyarsa a hankali. Ya ce shi ya daɗe da sanin ta. Ba ta tashi sai ranar da ƙungiyar ƙasa za ta buga, ta fara da safe, ta ɗauke in an tashi wasa. Ya ce a shekarun farko ba haka take ba, muryar mai sharhi ce sosai, in ka kwanta ka sa kunne a ƙasa har sunayen 'yan wasa kana ji. Matarsa ta ƙi shanya a wannan tsakar gidan tun daga lokacin. Daga baya muryar ta riƙa dusashewa, shekara bayan shekara, har ta koma wannan shuu ɗin.

"Kuma ba ka taɓa gaya mini ba?" in ji Fikri.

"In gaya maka me, usta? Ni na sa? Ranar nan ina riƙe da dutse, na ga wanda ya hau na ƙarshe, na ga aljihunsa ya sauka da nauyi ya hau babu."

Fikri ya ciro tocilarsa. Tsohon ya kama masa hannun riga, ya sassauta murya, ya ce shi fa ba ya shiga abin da ba ruwansa, amma yau ba ranar taɓa komai ba ce. Hajiya ɗakin hagu za ta, babu mai leƙa dama, shi da kansa zai tsaya a bakin ƙofar. A bari a tashi wasa, gobe da safe ya sake buɗe masa kyauta.

"Mutum miliyan ɗari suna jiran wasan nan," ya ce. "Yayanka ya yi haƙurin shekara ashirin da takwas. Awa bakwai ba za ta kashe shi ba."

Ya yi dariya shi kaɗai, dariyar ba ta yi nisa ba. Abin takaicin shi ne Fikri ya tsaya ya yi tunanin maganar. Ya tsaya sosai, da ƙafa ɗaya a matakalar farko. Ya hango gidan shayin Subhi in aka sha kashi, ya hango kansa yana sanin shi ya jawo. Shekararsa sittin, bai san ko zai ga wata damar ba. Sannan ya tuna nan da awa uku za a kwantar da Nargis a ɗaya ɗakin, bango ɗaya tsakaninta da wannan ƙarar, ta ji da kunnenta abin da ya ɓoye mata. Ya zame hannunsa daga riƙon tsohon ya sauka.

Matakala tara ce. Hasken rana ya tsaya a ta biyar. A ƙasa ya sunkuya ya shiga ƙofar dama, ya yi sallama kamar yadda ake yi, muryarsa ta fito ƙanƙanuwa. Ƙarar ta cika ɗakin, ba ta da ƙarfi, amma babu inda za ka juya kanka ka rabu da ita. Ya haska ƙasa tukuna, don bai shirya ganin sauran ba.

Likkafanin yana inda suka bar shi, ya koma ruwan ƙasa, ya lafe ya zama ɗan tudu. Rediyon ma yana inda ya jingina shi. Rigar fatar ta bushe ta tsattsage, batir ya fashe tuntuni ya zubo da wani farin gari ta bayansa, tsatsa ta ci eriyar. Yaro ma ya san wannan abin ba zai yi ƙara ba, amma daga cikinsa take fitowa.

Ya durƙusa, gwiwarsa ta yi ƙara. Ƙura ta rufe rediyon ko'ina, ban da wuri ɗaya. Ɗan maɓallin da ake murɗa tasha da shi yana nan fes, har ya yi santsi. Tsakanin likkafanin da bango kuma yashin ba a shafe yake ba, akwai wata 'yar hanya da ta zurma, faɗin hannu, irin wadda abu ke yi in ya daɗe yana bin wuri ɗaya yana komawa. Inda hanyar ta taso, gefen likkafanin a buɗe yake. Fikri ya kawar da tocilar daga nan, bai sake mayar da ita ba.

Ya share gilashin rediyon da babban yatsansa. Ya san inda ya bar allurar, can ƙarshen dama, a tashar wasanni, don ya ga wurin a ransa fiye da yadda ya ga fuskar 'ya'yansa. Ba ta nan. Ta taho hagu, ta ratsa kusan duk faɗin gilashin, ta tsaya a fili tsakanin tashoshi inda babu komai sai shuu. Gaba da ita kaɗan akwai wani ɗigon jan fenti a jikin gilashin. Uwarsu ce ta ɗiga shi da tsinke, don ba ta iya karatu ba, ta riƙa gane tashar Alƙur'ani in ta ari rediyon da asuba. Tsakanin allurar da ɗigon bai kai faɗin ƙwayar shinkafa ba.

Fikri ya daɗe yana kallon wannan ɗan tsakanin. Duk shekarun da yake zaune a sama yana ihu, yana buga ƙafa a dakali, yana ce wa kansa yaya yana jin daɗi, ashe mutumin yana nan a ƙasa yana jan allurar nan kaɗan kaɗan, yana neman ya bar wasan. Faɗin yatsa huɗu ya ci masa shekara ashirin da takwas, kuma bai kai ba.

"Yaya," ya ce. Bai taɓa kiransa haka ba yana raye, sai dai Zaglul gatsal, ko ɗan Zamalek. "Na ɗauka kana so ne. Wallahi na ɗauka kana so."

Ya san rabin maganar ƙarya ce, kuma ya san wanda yake gaya wa ya sani. Ya kama maɓallin. Da ɗumi a jikinsa, kamar yanzu wani ya sake shi. Tsatsa ta riƙe shi, sai da ya sa ƙarfin yatsun da suka yi shekara arba'in suna ɗaga dutsen guga, sannan ya motsa, allurar ta hau kan jan ɗigon.

Ƙarar ta ɗauke. Bai ji karatu ba, bai ji komai ba, shiru ne kawai irin wanda ya kamata a ce yana ɗakin tun ranar farko. Can, daga gefensa, wajen likkafanin, aka sauke wani dogon numfashi a hankali, har ƙurar da ke cikin hasken tocilar ta motsa.

Bai ɗauko rediyon ba. Ya ga ba shi da ikon raba mutumin da abin da ya sha wannan wahalar kafin ya samu. Ya ja da baya a durƙushe har ƙofa, ya hau matakalar yana dafa bango. Am Garib yana tsaye a sama, ya kasa kunne, ya dubi fuskar Fikri, ya tofar da yawu gefe ya ce in aka sha kashi yau shi dai ba ruwansa.

Bayan la'asar aka kawo Nargis. Wa'il da ɗan'uwanta suka sauka da ita ɗakin hagu, aka yi addu'a, aka mai da duwatsu. Mutane suka watse da saurin da ba su iya ɓoyewa ba.

Zaman makoki bayan magariba aka yi shi, a rumfar da aka kafa a bakin layi, daidai lokacin wasan. Kujeru sun fi mutane yawa. Waɗanda kunya ta kawo suna zaune da kofin gahawa marar sukari a hannu ɗaya, waya a ɓoye a ɗaya hannun, mai karatu yana karatunsa. Sau ɗaya unguwar ta yi ihu, sannan daga baya ta yi wani irin shiru da kowa a rumfar ya gane ma'anarsa, an rama. Ma'allim Subhi, da ke zaune kusa da Fikri, ya yi masa wani kallo na gefen ido, kallon mutumin da ya bar bakin aikinsa. Fikri bai ɗaga kai ba. Karon farko a rayuwarsa ƙungiyar ƙasa tana wasa bai san minti nawa aka yi ba, kuma bai tambaya ba.

Sai garin ya fashe gaba ɗaya. Ihun ya taso daga kowace taga, motoci suka ɗauki oda, wani ya buga ganga a saman bene. Mai karatun ya dakata a ƙarshen aya, ya jira, don ko kansa ba ya ji. Maza a rumfar suna ta danne fuskokinsu, wani ya fita da gudu kamar an kira shi. Masar ta ci a mintin ƙarshe, ba tare da rediyon ba, ba tare da kowa a dakali ba. Wannan ne ya karya Fikri. Ya rufe fuskarsa da hannun riga ya yi kukan da bai yi da safe ba.

Ma'allim Subhi ya rungumo kafaɗarsa, shi ma idonsa ya cika, yana raɗa masa a kunne don kada Wa'il ya ji.

"Mun je, usta, mun je. Gobe da sassafe ka tafi ka gaya wa Zaglul."

Fikri ya share fuskarsa ya girgiza kai.

"Ba zan gaya masa ba," ya ce. "Barci yake yi."